FILIN MATA: Ina Ruwan Kwatarki Ya Ke Zuwa?

Shekaranjiya na bi ta Titin Ibrahim Taiwo zan sayo atamfa a Kantin Kwari, sai na ga lambatu cike da baƙin ruwa da leda. 'Yata da ke riƙe da hannuna ta ce, "Inna, ina wannan ruwa za shi?" To, ga amsar da na ba ta.

Ruwan wanki da na wanka da mu ke zubarwa a Fagge da Sabon Gari, yawancinsa Kogin Jakara ya ke gangarawa. Jakara kuwa daga cikin birni ta taso, ta wajen Kasuwar Kurmi. A hanya ta kan kwashi jini da tarosan Abbatuwa, can gaba rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan duka su tafi madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976.

Kada ku ce ya tafi ke nan. Da rani masu lambu na bakin Jakara da shi su ke ban ruwa. Latas da kabeji da alayyafo su yi kore shar, a kawo kasuwa, mu saya. Ashe abin da ya fita ta rariyar gida ya kan komo ta ƙofa a cikin kwando. Ta haka taifot da amai da gudawa da tsutsar ciki su ke samun hanya. Masu lambu ba su da laifi, abincinsu su ke nema.

Maganin abin shi ne gidan tace ruwa, irin na Wupa da aka buɗe a Abuja a 2007. Aikinsa ba sihiri ba ne. Da fari ruwan ya bi ta raga, ta tare leda da tsumma. Sa'an nan a bar shi a babban kwarmi ya kwanta, kamar yadda mu ke barin gasara. Daga nan a hura masa iska, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye dauɗar. Sai ya yi garau kana a sake shi kogi. Ashe bai kamata Jakara ta sami irin wannan gata ba?

Kafin a yi, ga namu aikin. Kada ki zuba shara ko kashin yara a lambatu. Akwai bola, akwai masai. Ganyen miya a wanke shi, a dafa sosai. Wanda za a ci ɗanye a ware shi ɗai-ɗai, a wanke da ruwa mai tsabta, a sake, a kuma. Amma ku sani, wuta ta kan kashe ƙwayar cuta, ba ta fid da gubar majema. Wannan sai hukuma ta tsare ta tun daga bakin masana'anta.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Ku kuma matan aure, in masu neman ƙuri'a sun shigo gida, ku tambaye su zancen Jakara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.