LAFIYA UWAR JIKI: Likitan da ke duba mutane bisa hanya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin likita wanda ba ya yin allura, ba ya ba da ƙwaya. Aikinsa sauraro da magana. Wanda damuwa ta yi wa yawa shi ke zuwa wurinsa: wanda aka yi wa rasuwa ya kasa dangana, wanda barci ya ƙaurace wa, wanda aurensa ke rawa, wanda tsoro ya hana shiga mutane. Likitan nan ya yi karatu na shekaru a kan halin ɗan Adam. Don sauƙi, a kira shi likitan magana.

Yadda aka saba, mai damuwa yana zuwa biro sau ɗaya a mako. A rufe ƙofa, ya zauna bisa kujera, likita ya zauna yana fuskantar shi. Su yi kamar minti 50 ko awa guda. To, yanzu waɗansu likitocin sun fito daga biro. Suna haɗuwa da mai damuwa a bakin lambun shan iska ko gefen gulbi, su kama hanya, suna tafe suna magana. Tsawon lokacin bai sake ba, kuma ana biyan kuɗin aikin. Wurin ne kawai ya sake.

Abin ba sabo ba ne sarai. Sigmund Freud, mutumin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, yana cikin waɗanda suka kafa wannan irin magani. An san shi da sa mutane su kishingiɗa bisa doguwar kujera a cikin ɗaki. Amma a shekarar 1910, wani babban mai tsara kiɗa, Gustav Mahler, ya nemi ganin shi don aurensa ya rikice. Freud yana hutu a ƙasar Holand. Sai suka haɗu a garin Layden, suka yi ta zagaya tituna wajen awa 4 suna magana. A 1976 kuma wani likitan ƙwaƙwalwa na garin San Diyego a Amurka, Thaddeus Kostrubala, ya fitar da littafi a kan amfanin gudu. Shi har gudu yake yi tare da marasa lafiyarsa. Amma abin bai yaɗu sosai ba sai a 2020, da annobar korona ta sa aka hana mutane taruwa cikin ɗaki. A shekarar ce ƙungiyar masana halin ɗan Adam ta Ingila ta rubuta wa ƴaƴanta ƙa'idojin yin wannan aiki a waje.

Mene ne amfanin fitar? Na farko dai ido ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa mai abin kunya ba ya son a zuba wa fuskarsa ido. A biro ba wurin ɓuya. Tebur ga shi, likita ga shi, kamar an kai mutum gaban alƙali. Bisa hanya kuwa kowa gabansa yake duba. Kafaɗa na kusa da kafaɗa, ido bai haɗu da ido ba. In hawaye ya zo, ba wanda ya tsare shi da kallo. In magana ta ƙare aka yi shiru, shirun ba ya yin nauyi, don ƙafa tana aiki. Likitocin sun lura maza da samari, waɗanda ba su son zaman tambaya, sun fi sakin baki ta haka.

Bahaushe ya san wannan tun kaka da kakanni, sai dai bai sa masa sunan magani ba. Baƙo ya zo, ya wuni a zaure, an sha fura, an yi gaisuwa, an yi zancen damana da farashin hatsi. Abin da ya kawo shi bai fito ba. Sai an tashi rakiya, an wuce gidajen ƙarshe, an kai bakin burtali, sannan ya rage murya ya ce, "Dama akwai wata ƴar magana." Bashi ne, ko ɗan da ya tafi cin rani shekara uku ba labari, ko matar da ta yi yaji. Maganar da ta gagara a zaure ta fito a hanya.

Na biyu shi ne wurin da ake tafiyar. A 2015 masana na jami'ar Stanford a Amurka sun gwada mutum 38. Rabi suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyawa da itatuwa. Rabi suka yi tafiyar minti 90 a gefen babbar hanyar mota. Abin da aka auna shi ne tunanin nan mai komowa, wanda masana ke kamanta shi da tuƙar saniya: a haɗiye, a maido, a sake taunawa, dare da rana, abu guda. Waɗanda suka bi cikin itatuwa tuƙarsu ta ragu. Na gefen hanyar mota ba ta ragu ba. Sai dai a lura, mutum 38 ba su da yawa, kuma masu lafiya ne, ba marasa lafiya ba. Gwajin ya nuna hanya, bai yanke hukunci ba.

Nan ne manomi zai yi dariya. Zai ce in tafiya cikin itatuwa magani ce, to shi ya fi kowa lafiya. Kullum yana tafiya gona. Ran kasuwa ya yi kilometir 10 a ƙasa. Makiyayi ma ba a zancensa, rayuwarsa duka tafiya ce. Dariyar tana da hujja. Bature mai wuni bisa kujera, tafiyar awa guda sabon abu ne ga jikinsa. Ga manomi ba sabon abu ba ne. Amma ai an sha ganin mutum ya tafi gona shi kaɗai da baƙin cikinsa, ya wuni yana tuƙa shi, ya komo da shi gida ya ƙara nauyi. Tafiya ita kaɗai ba ta sauke kayan. Abin da manomi ya rasa ba hanya ba ce. Wanda zai bi hanyar tare da shi ya rasa, mai kunne, mai riƙe asiri, wanda ba zai katse shi da "yi haƙuri" tun bai kai ƙarshen zancensa ba.

Abin da aka yi a ƙasar Zimbabuwe ya ƙarfafa wannan. Can wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ga likitoci sun yi kaɗan ƙwarai. Sai ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraro da yadda ake taimakon mutum ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Aka ajiye musu benci a waje, a harabar gidajen likita na birnin Harare. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka har sau 6. A 2016 aka fitar da sakamakon gwajin mutum 573. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna da kakanni, kamar 14 cikin 100 ne alamun ciwon damuwa ba su sake su ba. Cikin waɗanda ba su zauna da su ba, wajen 50 cikin 100. Su ba tafiya suka yi ba, zama suka yi. Amma ba biro, ba tebur, ba farar riga, kuma maganin ya ci.

Fita waje tana da nata haɗari, babban shi ne asiri. Biro yana da ƙofa, hanya ba ta da ita. Shi ya sa likitocin ba su fara tafiya sai sun shirya da mai damuwa: wace hanya za a bi, ina za a fake in hadari ya taso, me za a yi in an gamu da wanda ya san shi. Wani ya ce a yi gaisuwa a wuce. Wani ya ce a yi shiru har mutumin ya yi nisa. A ƙauye wannan ya fi wuya, don kowa ya san kowa, kuma ba a wuce mutum ba gaisuwa. Amma a ƙauye cikin gida ma ba asiri. Zana ba ta tare magana, kishiya na ji, yara na ji. Sau da yawa hanyar rijiya ko ta itace ta fi tsakar gida sirri. Namiji ya bi namiji, mace ta bi mace, kada a je neman sauƙi a komo da tsegumi. Da bazara kuwa sai da sassafe ko bayan la'asar.

Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan magana ta fi dacewa da mai sauraro. Shi ne ya kamata ya haɗiye abin da ya ji, ko matarsa kada ta sani. In an juya ta kan mai damuwa, aka ce shi ya haɗiye ciwonsa, an cuce shi.

Akwai kuma inda tafiya da magana ba su isa ba. Likitocin da kansu ba su fita da kowane mara lafiya. Mutumin da ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya daina ci da sha, ko ya kwana da yawa ba barci yana sambatu, wannan na gidan likita ne. Haka mace mai jego da ta juya wa jaririnta baya. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne, kuma kada a bar shi ya tafi daji shi kaɗai da sunan shan iska. A ɗauke maganin ƙwari na gona daga inda hannunsa zai kai, a kulle. Wani ya zauna tare da shi dare da rana, a kai shi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su ba da takardar zuwa babban asibiti.