Jinjina Ga Masu Gyaran Laftof Na Minna, Da Sauran Aiki A Gaba

Yabon gwani ya zama dole. A Minna akwai matasan da suka cancanci wannan yabo: masu gyaran kwamfuta a ƙananan shaguna daga Bosso zuwa Tunga, da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, waɗanda abokan karatu ke bi da laftof har ɗakin kwana. Tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin HP da Dell na hannu, waɗanda su aljihun ɗalibi ke iya kaiwa, da yawansu sun rasa madafa, don ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Waɗannan matasa su ke ɗora musu Linux, galibi Ubuntu ko Linux Mint, manhajar da ba a biya mata kuɗin lasisi, sai na'urar da aka fid da rai da ita ta koma bakin aiki.

Ɗora manhajar ba ita ce wahala ba. Inda ake gane gwani shi ne lokacin da aka kunna, komai ya tashi lafiya, amma mai kaya ya ce, "Injiniya, ba ta ganin waifai." Mai gaggawa nan take zai yanke hukunci cewa katin sadarwa ya ƙone, ko ya ce a sake yin fomat. Waɗanda nake jinjina wa kuwa baƙin allo suke buɗewa su tambayi na'urar da kanta. Da lspci suke sanin wane kati ne a ciki, na Intel ne, Realtek ko Broadcom. Da rfkill list suke gano ko an toshe shi ne kawai, domin tsofaffin laftof da dama suna da ɗan maɓalli a gefe ko a jerin maɓallan sama, wanda yaro a gida zai taɓa ba tare da kowa ya lura ba. Sannan su karanta dmesg, inda Linux ke rubuta duk abin da ya gamu da shi yayin tashi, har da sunan fayil ɗin da katin ya nema bai samu ba.

Tsofaffin katunan Broadcom sun daɗe suna ba mutane ciwon kai, saboda direbansu ba ya zuwa tare da manhajar, sai an sauko da shi daga intanet, ga shi intanet ɗin ne babu. A nan dabarar 'yan Minna ke burge ni: su jona wayar hannu da kebul, su ara wa kwamfutar datarsu, su sauko da abin da ake buƙata. Datar nan fa da kuɗinsu suka saya, kuma ba kullum suke sa ta a lissafi ba. Ko masu Debian, wani nau'in Linux, sai da suka yi zaɓe a 2022 kafin su yarda su riƙa haɗa irin waɗannan fayiloli cikin faifan ɗorawa, abin da ya fara aiki da Debian 12 a 2023. Allah Ya saka wa yaranmu da alheri.

To amma 'yan'uwa, akwai gyara. Sau da yawa waifai na kamawa a shago, mai kaya ya biya, ya isa Kpakungu ko Chanchaga ya kunna, shiru. Dalili kuwa umarnin modprobe da aka buga da hannu ba ya wuce kashewa ɗaya. Idan katin Realtek RTL8723BE ne, wanda ke cikin HP da yawa, kuma zaɓen eriya da ant_sel ne ya ƙarfafa sigina, dole a rubuta shi cikin /etc/modprobe.d don ya riƙa lodawa duk tashi. Idan Secure Boot na kunne, zai iya hana direban da ba a sa wa hannu ba lodawa, musamman bayan sabuntawa. Idan an bar Windows a gefe guda, a kashe mata saurin tashin nan nata, don yakan bar katin a halin da Linux ba zai iya farkar da shi ba. Haka ƙaramin batirin agogo da ke kan allon ciki: in ya mutu, kwanan wata ya koma baya, shafuka su ƙi buɗewa, a ɗora wa kati laifin da ba nasa ba. Saboda haka kada laftof ta bar shago sai an kashe ta gaba ɗaya, an kunna, an sabunta, an sake kunnawa a gaban mai ita. Amana ce.

Abu na biyu ya fi damuna. Duk wannan sani a ka yake zaune. Ɗalibin da ya ƙware ya gama, ya tafi bautar ƙasa, ya tafi da shi. Na bayansa su faro daga tushe. Mai shago kuma wani lokaci yakan ɓoye wa yaransa, wai kada su ƙwace masa ciniki. Da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ɓoye abin da ya rubuta a 1991, da yau babu abin da za ku ɗora wa kowa. Littafi guda na rubutu ya isa: samfurin laftof, sunan kati, abin da ya faru, abin da ya yi magani. A rubuta da Hausa, yadda yaron shago da bai yi nisa a boko ba zai karanta ya gane. Wanda kuma ya ci karo da matsalar da babu maganinta a ko'ina, ya aika rahoto ga masu Ubuntu ko Debian, don na'urorin da suka tsufa a Turai a hannunmu suke ƙarasa rayuwa, mu ne za mu fara ganin lalurarsu.

Ina kira ga malaman fannin kwamfuta a Gidan Kwano da su buɗe wa masu shagunan gari ƙofa, ko da yini guda ne kowane zango, a zauna a haɗa sanin aji da na teburin gyara. Ku kuma dillalan laftof, ku faɗa wa mai saye irin katin da ke ciki kafin ya miƙa kuɗi.