Asibitin da ya dogara da janareta, shi ma majinyaci ne

A wannan makon ina so mu duba wani ɓangare na harkar lafiya da ba a cika tattauna shi ba, wato yadda ake gina asibitocinmu, da wutar da suke amfani da ita, da inda sharar da suke fitarwa take ƙarewa. Duk lokacin da gwamna ya je buɗe sabon asibiti, abin da ake nuna mana shi ne tayil mai ƙyalli da gilasai da sabon fenti. Ba a cika tambayar nawa za a riƙa kashewa kowane wata kafin fanka ta juya a ɗakin masu haihuwa ba, ko kuma hayaƙin da ke tashi a bayan katanga huhun wa yake shiga. Ni kuwa a ganina, amsar waɗannan tambayoyi ce take nuna ko asibiti zai rayu ko zai zama kango bayan shekara biyar.

Bari mu fara da wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, kuma manyan asibitoci da dama suna cikin wannan rukuni. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin rarraba wuta ya yanke wa asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan wuta saboda bashi, aka shafe fiye da kwana 100 ana fama, 'yan uwan majinyata suna zuwa da fitila da fankar caji daga gida. Idan asibitin koyarwa mafi daɗewa a ƙasar nan zai shiga wannan hali, ina ga ƙaramin asibitin karkara? Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu abokan aikinsu suka fitar a 2023 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ne a ƙasashe matalauta suke zuwa asibitocin da ko dai babu wuta ko kaɗan, ko kuma wutar ba ta da tabbas.

Mun saba cewa maganin rashin wuta shi ne janareta. To amma janareta cinye kasafin asibiti yake yi. Kuɗin da ya kamata a sayi magani da safar hannu da auduga, a man dizal yake tafiya, daga nan kuma a ɗora wa majinyaci. Ga ƙara da ke hana marar lafiya barci, ga hayaƙi da iska ke kaɗowa ta tagar masu ciwon asma da jarirai. Ranar da man ya ƙare kuwa, na'urar da ke tace iskar oksijin ta tsaya, kwalabar bakwaini ta huce, jinin da ke cikin firji ya shiga haɗari, alluran rigakafin da dole a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 su lalace ba tare da kowa ya gani da ido ba.

Abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin magance wannan matsala a duniya daga nan ƙasar Hausa ta samo asali. A 2008 wata likitar mata daga Amurka, Dakta Laura Stachel, ta zo Zariya tana bincike kan mace-macen mata wajen haihuwa. Abin da ta gani a asibitin Ƙofar Gayan shi ne ungozoma na karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, ana kuma jinkirta tiyata saboda duhu. Da ta koma, ita da mijinta Hal Aronson suka haɗa ɗan ƙaramin akwati mai farantin sola da batir da fitilu, suka kafa ƙungiyar We Care Solar. Yau akwatin nan yana aiki a dubban asibitoci a Afirka da Asiya. Ranar da take ƙona mu tun daga hantsi har la'asar ita ce wasu suka zo daga nesa suka nuna mana amfaninta.

Sai dai ina ganin kuskure ne a fara da sayen farantan sola kafin a gyara tsarin ginin kansa. Ginin da ke tara zafi, komai yawan wutar da aka ba shi ba ta isarsa. A watan Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yola yakan haura digiri 40, amma sai ka ga an yi ɗakin kwanciya da siririn bulon siminti, rufin kwano a kusa da kai, ga manyan gilasai suna kallon yamma. Irin wannan ɗaki tanda ne, dole sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa ta fi komai shan wuta. Magina na dā sun san wannan. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ya san yadda katangar tubali mai kauri da dogon rufi suke riƙe sanyi da tsakar rana.

Wasu ƙasashen Afirka sun ɗauki wannan hikima sun shigar da ita cikin ginin zamani. A Ruwanda, asibitin Butaro da aka buɗe a 2011 an gina shi da duwatsun yankin, aka yi wa ɗakunan dogon rufi da tagogi masu fuskantar juna, aka kuma fitar da hanyoyin wucewa zuwa baranda a waje, domin kada masu tarin fuka su cunkushe da sauran jama'a a rufaffen lungu. Iska mai ratsawa tana kawo sanyi, tana kuma kwashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan haka. A Burkina Faso, Francis Kere, wanda ya ci babbar kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, ya gina asibitin tiyata a garin Leo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ya ɗaga kwano sama da rufin ciki domin zafi ya fice ta tsakani. A Sudan, cibiyar tiyatar zuciya ta Salam da aka buɗe kusa da Khartum a 2007 an tsara ta yadda iska za ta bi ta lunguna a ƙarƙashin ginin, ƙura ta zube kafin ta isa ɗaki. Mu da muke fama da ƙurar hunturu, wannan darasi namu ne.

Na san za a ce ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman da ɗakin gwaje-gwaje da ma'ajiyar magunguna ba za su yi aiki da iskar taga ba. Gaskiya ne. Amma waɗannan kaɗan ne daga cikin ɗakunan asibiti. Idan an rage wa sauran buƙatar wuta ta hanyar baranda mai faɗi da inuwar darbejiya da farin fenti a kan rufi, ɗan abin da sola ta samar zai wadaci wuraren da rai ya rataya a kansu. Haka nan zaɓen fili yana cikin tsari. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta shiga asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta lalata na'urori masu tsada. Duk mai gina asibiti yanzu wajibi ne ya tambayi inda ruwa ke bi kafin ya yanke inda zai ajiye injinan da aka sayo da kuɗin jama'a.

Sai batun shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida, kashi 15 ne kawai mai haɗari. Amma da zarar an zuba sirinji da audugar jini da ledar ƙarin ruwa da ɓawon lemo a kwando ɗaya, duka sun zama masu haɗari. Daga nan sai a kai bayan gini a cinna wuta. Robar da ake yin ledar ƙarin ruwa da ita, idan ta ƙone a wuta marar ƙarfi, tana fitar da gubar dayoksin mai haddasa ciwon daji, shi ya sa ake son tandar ƙona sharar asibiti ta kai aƙalla digiri 850. Abin da wutar ba ta cinye ba kuwa, yara 'yan jari-bola ne ke tona shi da hannu, allurar da aka yi wa mai ciwon hanta ta soke su. Raba shara tun daga gefen gado, kowace iri da kwandonta, allura kuma a akwatin da ba ya hudawa, bai kai kuɗin man janareta na mako guda ba.

Akwai gargaɗi guda da ba zan rufe ba tare da na yi shi ba. Titunan garuruwanmu cike suke da fitilun sola da suka mutu bayan shekara ɗaya ko biyu, domin an ba da kwangilar sakawa, ba a ware ko kwabo na kulawa ba. Farantin da ƙura ta rufe ƙarfinsa raguwa yake yi, batir kuma yana da wa'adi. Matattun batura masu dalma idan aka bar su a hannun masu fasawa a cikin unguwa, guba ce. Ba mu manta yadda dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Don haka duk kwangilar sola ta asibiti ta ƙunshi horar da ma'aikacin da zai zauna a wurin, da kuɗin sauya batir, da sharaɗin cewa kamfanin zai kwashe tsofaffin.

Kirana ga kwamishinonin lafiya da na ayyuka da 'yan majalisun jihohi shi ne, kada a amince da zanen wani sabon asibiti sai an gabatar da lissafin wutar da zai sha a shekara, da inda ruwansa zai fito, da inda shararsa za ta je. Masu hannu da shuni da ke gina asibiti sadaka su ma su tambayi maginansu haka. Ku kuma masu karatu, ranar da kuka je dubiya, ku zaga bayan ginin ku ga abin da ke ci da wuta a can, sannan ku kai maganar gaban kwamitin unguwa da kansila. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma asibiti ne wurin da ya fi cancanta ya fara aiki da wannan magana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.