Kafin 'yan gwangwan su auna tarihin tashar Mafara

A shekarar 1952 wani matashin basarake a kudancin Ingila, Lord Montagu, ya rasa yadda zai riƙe gidan gadonsu na Beaulieu. Gidan ƙato ne, gyaransa yana lashe kuɗi, ga haraji ya hana irin waɗannan gidaje sakat tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai ya jera 'yan tsofaffin motoci ƙalilan a zauren shiga, ya buɗe ƙofa, ya ce mai son kallo ya biya ya shigo. Jama'a suka yi ta tururuwa. Shekara ashirin bayan haka, a 1972, wurin ya zama gidan adana motoci na ƙasa baki ɗaya.

Irin wannan dabara ce ta zama al'adar da yanzu ke cika watannin zafi na Ingila, daga Mayu zuwa Satumba. Kusan kowane ƙarshen mako akwai wani tsohon gidan sarauta a karkara da ya ba ƙungiyar masu tsofaffin motoci aron filin ciyawarsa. Kowa ya tuƙo tasa, a jera su sahu-sahu, a ɗaga bonet, a yi ta gardama kan wane kafireto ne na asali. A gidan Goodwood, wanda ya fara nasa bikin a 1993, motocin tsere ne ke hawa gangaren da ya ratsa ta gaban gidan. A fadar Blenheim, inda aka haifi Winston Churchill, ana jera motocin da kuɗin guda ɗaya zai gina makarantu. Masu gida suna samun na gyaran rufi, ƙungiyoyi suna samun wurin haɗuwa, gwamnati kuma ta sauƙaƙa: motar da ta wuce shekara 40 tana iya samun afuwar harajin hanya. Wani bincike da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Birtaniya ta fitar a 2020 ya ce harkar tana juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana kuma riƙe da ma'aikata kimanin 34,000.

Mutumin Talata Mafara da ya ji wannan zai iya ɗage kafaɗa ya ce wasan masu ƙoshi ne. Yana da gaskiya a kan Blenheim. Amma akwai wani taron da ya fi kusa da mu. Tun 2014 kamfanin inshora na Hagerty yake shirya bikin motocin da ba kowa ba, wanda a 'yan shekarun nan ake yi a gidan Grimsthorpe. Can ba a maraba da motar attajiri. Abin da ake nema shi ne motar malamin firamare, ta mai kanti, ta ma'aikaciyar jinya, wadda aka ƙera dubbai aka yi ta aiki da ita har ta ƙare, babu wanda ya yi tunanin ajiye ko guda. Da aka farga, sai aka tarar irin waɗannan sun fi motocin alfarma wuyar samu, don ita ta alfarma tun ran farko a ɗaki take kwana.

Halin da tsofaffin motocinmu ke ciki ke nan yau, kuma shi ya sa sarakunan Mafara da Bakura da Maradun ya kamata su sa baki tun da sauran abin cetowa.

A duba abin da zai cika filin in da za a yi irin wannan taro a nan. Fijo 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, ita ce akori-kurar da ta yi shekaru tana kai buhunan gero da awaki da mutane kasuwar Talata a lodi ɗaya. Fijo 504 ta biyo baya a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin Fijo na PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna. Ita ce motar sakataren ƙaramar hukuma, ta alƙali, ta shugaban makaranta, ita ce kuma doguwar tasi mai layi uku da ke tashi daga Gusau ta tsaya Mafara a sha ruwa kafin a miƙa Sakkwato. Faransa ta daina ƙera ta tun shekarun 1980, Kaduna kuwa ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Sai J5 mai dakon tumatir da albasa, sai tsohuwar Land Rover ta malaman gona da malaman dabbobi, sai Marsandi roka mai bodin katako da zane-zane da addu'o'i a jiki, wadda yaron mota ke rataye a bayanta da wejinsa. Sana'ar wannan yaro ce Dan Maraya Jos ya yi wa waƙar Karen Mota, waƙar da ta fara fito da sunansa.

Zamanin ya zo da masana'antu har shida a ƙasar nan: Fijo a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Yawancinsu sun durƙushe ko sun zama wani abu daban. Matashin da aka haifa bayan 2000 ya taso ne ya ga Golf da Sharon da Kanta 'yan gwanjo daga Kwatano, har yana iya rantsuwa cewa ba a taɓa haɗa mota a Arewa ba. Babu littafin da zai gamsar da shi kamar ya ga 504 'yar Kaduna a gabansa, ya taɓa ta, a tayar masa da ita.

Yankin nan kuma yana da wani babi da ba kowane yanki ke da shi ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya, wanda reshe ne na Fiat, ya gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, da tafki mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da magudanan da aka tsara su shayar da dubban hektoci a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Aikin ya shigo da katafilu da tifofi da taraktoci irin waɗanda idon mutanen karkara bai taɓa gani ba. Ya kuma tashi garuruwa, har da tsohuwar Maradun, ya haddasa rikicin diyyar gonaki da ya ƙare da zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Direbobi da makanikai da yawa na wannan yanki a bakin wannan aiki suka fara riƙe sitiyari da sifana. Tarakta guda ta wancan zamani, in an same ta, shaida ce kan alherin aikin da kuma ɗacinsa, kuma tsohon da ya tuƙa ta zai iya ba da labarin duka biyun a tsaye a gefenta. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da madatsar, ita ce ta fi kowa sanin ko akwai abin da ya rage a ajiyarta.

Abin da ke cinye su ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar mota ta tsaya a bayan gareji, taya ta sace, kaji su yi ƙwai a kujerar baya. Mai ita ya rasu, a zo rabon gado, magada su ga ƙarfe da ba ya motsi. Ɗan gwangwan ya zo da sikeli da abin yanka, ya biya nan take. Injin da giyabos su tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, gangar jikin ta tafi wurin narkawa ta dawo rodin gini. Babu wanda ya yi laifi a cikin wannan ciniki. Magada suna da buƙata, ɗan gwangwan sana'arsa yake yi. Abin da babu shi ne mai tayi na biyu, wanda zai ce wannan kam a bar ta, ga kuɗinta. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, motar da ke shan fetur irin na da ta ƙara zama kaya ga mai ita, sikelin kuma ya ƙara sauri.

Da motar ake binne sana'ar. Bakaniken da ke saita kafireto da kunne, ya gyara kwantak da 'yar takardar yashi, fanbitan da ke fitar da ƙofa sabuwa daga farantin ƙarfe, kafintan da ya san yadda ake ɗaure bodin roka ya ɗauki lodi bai tsage ba, duk sun manyanta. Yaransu sun koma motocin da sai an jona musu kwamfuta su faɗi ciwonsu, kuma daidai ne, can abinci yake. A Ingila irin wannan ilimi ne ke riƙe da waɗancan dubban ma'aikata. Nan kuwa ko sunayen masu shi ba a rubuta ba.

Za a ce ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta tsohuwar mota? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da wasa a ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agustan shekarar, aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba, har gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya. Babu mai hankalin da zai ce a jera motoci a ratsa daji da su domin nishaɗi, ko a taɓa kuɗin tsaro a sayi fenti. Sai dai abin da ake magana a kai bai kai nan ba. Rumfa ce ta kwano a cikin gari, da littafin rajista, da yini guda a shekara. Kuma ƙarfe ba ya jiran a yi sulhu: wanda aka yanka bana ya tafi ke nan, ko da an wayi gari baɗi lafiya ta dawo ko'ina.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wajenmu. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, kuma ita ce abin da maziyarta da yawa suka fi tunawa da shi. Fadar Kano ta riƙe tsohuwar Rolls-Royce ɗinta mai launin shuɗi ta shekarun 1950, duk ranar da ta fito kuwa sai wayoyi sun ɗaga. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali tun 1934 ya daɗe da haɗawa da tseren motoci, kuma da aka farfaɗo da shi a 2020, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta jagoranci ayarin motocin da aka haɗa a gida daga Abuja har zuwa can. Abin lura dai shi ne duk waɗannan na shugabanni ne ko sababbi ne. Motar talaka ce har yau ba ta da mai tsaya mata.

Abin da basaraken Ingila ya bayar shi ne fili da suna. Mu kuwa ƙofar fada tana nan tun kafin a ƙera mota, kuma jama'a sun saba taruwa a cikinta ba tare da an buga musu kati ba. Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun suna iya karɓar abin bi da bi, kowace shekara gari guda. Ƙungiya ma ba sai an ƙirƙira ba: 'yan NURTW na kowace tasha sun san wanda ya taɓa mallakar wace mota da inda ta kwanta, 'yan ƙungiyar makanikai ta NATA kuma sun san wadda za ta iya tashi da wadda sai dai a ja. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara tana da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu. A ba kowane rukuni mota guda da tsohon bakanike guda, a biya tsohon alawus, a rubuta duk abin da ya koyar. Batun kuɗi kuwa, garuruwan nan uku kowannensu ya fitar da gwamna tun 1999: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Ba a rasa manya ba a yankin, kuma farashin akori-kura a hannun ɗan gwangwan bai kai abin da ake kashewa a kujeru da rumfunan walima ɗaya ba.

Lokacin ne kawai ba za a kwaikwaya ba. Watannin da Turawa ke fito da motocinsu, nan damina ce, kowa yana gona, filin kuma taɓo. Bayan kaka ya fi, an kai amfani gida, sanyi ya sauko, tsohon lagireto ba zai tafasa ba. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura ya yi suna da Maradun, ba za ta rasa makaɗan da za su yi wa tsofaffin direbobi kirari ba. Kyautar ma kada a ba wadda ta fi sheƙi. A ba wadda mai ita ya fi sanin tarihinta: wa ya saye ta, a wace shekara, wace hanya ta bi, amaren gidaje nawa ta kai ɗaki.

Aikin farko bai ma buƙatar taro. Shugabannin tashoshin uku su zauna da dattawan gareji su rubuta duk motar da ta haura shekara 40 da ke cikin garuruwansu, mai tashi da marar tashi, da lambarta da hotonta. Daga nan fada ta sanar da magada da dillalai cewa kafin a sa wa ɗaya daga cikinsu wuta, a kawo tayin gabanta tukuna.