Kiɗan da ba a taka masa rawa

Akwai hukuncin da ake yankewa cikin daƙiƙa goma, kusan kowa kuma ya amince da shi: kiɗan da babu ganga a cikinsa, babu muryar mawaƙi, babu inda za a taka rawa, ba kiɗa ba ne, ƙugi ne kawai. Wanda ya fi shan wannan hukunci shi ne kiɗan na'ura mai duhu da Turawa ke kira dark ambient, inda amo ɗaya mai kauri zai ja minti ashirin yana sauyawa sannu a hankali kamar hadari na haɗuwa. Ana cewa aikin malalata ne, ana kuma cewa mai sauraronsa ciwon damuwa yake jawo wa kansa. Wannan hukunci zalunci ne, domin yawancin masu yanke shi ba su taɓa jin abin da suke kushewa ba.

Kunnen ɗan Adam yana kama sauti har ƙasa zuwa kaɗawa 20 a daƙiƙa, kuma a can ƙasan ne wannan kiɗa yake zaune. Lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da amo mai zurfin haka. Wanda ya kunna Heresy, faifan da Lustmord, ɗan yankin Wales, ya fitar a 1990, a wayarsa cikin hayaniyar kasuwa, ragowar sautin kawai ya ji, jikin kiɗan bai iso gare shi ba. Zancen lalaci kuwa, a duba yadda aka yi aikin. Lustmord ya shiga koguna da ɗakunan kaburbura na ƙarƙashin ƙasa da mayanka yana naɗar amonsu. Thomas Köner, Bajamushe, ya gina faifansa na farko a 1990 da sautin manyan fayafayan ƙarfe da ya sarrafa har ba a gane asalinsu. Éliane Radigue ta Faransa ta shafe shekaru a gaban na'urar ARP 2500 tana murɗa maɓallai kaɗan-kaɗan; kashin farko na aikinta Trilogie de la Mort ya kammala a 1988, na ƙarshe sai 1993, a tsakani kuma ɗanta ya rasu a haɗarin mota. Malalaci ba ya wannan haƙurin.

Gaskiya ne intanet ta cika da ƙugin awa goma da ake haɗawa domin barci ko karatu, kuma Brian Eno, wanda ya raɗa wa salon ambient suna a 1978, shi ya buɗe ƙofar lokacin da ya ce ana iya kunna shi ba tare da an kula da shi ba. To amma wane salo ne ba shi da tarkace? Ba a auna waƙa da mafi raunin mawaƙanta.

Babbar tuhumar ita ce ta baƙin ciki, kuma a nan ne masu suka suka fi kuskure. Bugun ganga yana komowa inda ya faro, yana ba jiki tabbacin cewa abin da ya wuce zai dawo. Akwai abubuwan rayuwa da ba sa dawowa, kiɗan rawa kuwa ba shi da bakin faɗarsu. A 2001 makaɗi William Basinski na kwafe tsofaffin zaren kaset ɗinsa zuwa tsarin dijital, sai ya lura ƙarfen jikin zaren yana zubewa duk zagaye, sautin yana cinyewa. Ya bar na'urar tana naɗa, abin da ya fito shi ne The Disintegration Loops, inda mai sauraro ke jin kiɗan yana mutuwa a kunnensa. Leyland Kirby na Ingila, da sunan The Caretaker, ya fitar da Everywhere at the End of Time kashi shida daga 2016 zuwa 2019, sama da awa shida yana bin yadda gigin tsufa ke cin tunanin mutum, daga waƙoƙin dā da ake ganewa har zuwa amon da ba shi da kama. A 2020 matasan TikTok, waɗanda ake zargi da gajen haƙuri, suka riƙa sauraronsa daga farko har ƙarshe, suna maganar kakanninsu da suka daina gane fuskar jikokinsu. Baƙin cikin yana nan cikin gidajensu tun kafin su ji faifan, kuma ba ganga ce ta sa suka fara zancensa ba.