Ruwan da ya sauka a kan rufi, ina za shi?

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san ba a gama aikin rufi. Kafin damina ta faɗi magini zai hau sama, ya duba inda ƙasa ta tsage, ya sake yaɓe, ya shafe da makuba ko laso, sannan ya zura sanda cikin indararo ya tabbatar ba abin da ya toshe shi. Azarar giginya takan fi wanda ya ɗora ta daɗewa, muddin ruwa bai kwana a kanta ba. Da kwano ya shigo sai aka ɗauka wannan hidima ta ƙare, aka daina hawa sama, kuma a ganina sakacin nan ne ke cinye gidaje da yawa tun ba su tsufa ba.

Abin ya fi damuna da yayin ɓoyayyen rufi da ake yi yanzu a sababbin unguwannin Kano da Kaduna. A ɗaga katanga ta kewaye kwanon, ruwa ya gangara cikin kwatar siminti da ke bayanta, ya fita ta bututu biyu ko uku. Ginin yana da kyau daga waje, kuma katangar tana tare iska, ba na musun wannan. Amma tsarin soro ne aka dawo da shi, da rawaninsa da indararonsa, ba tare da dubawar shekara-shekara da ke raya soro ba.

A lissafa a gani. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, ya karɓi lita 3,000, wato duro 15 na lita 200. Duk wannan ta 'yan bututun nan zai bi, wani lokaci cikin awa guda.

Na hau irin wannan rufi da wani kafinta a watan Maris, a gidan wani ɗan'uwana da ke kukan fentin falonsa yana kumbura. Kwanon lafiyarsa lau. A cikin kwatar kuwa ƙurar hunturu ta taru ta daskare, ganyen darbejiya ya kwanta a kai, ledar ruwa ta liƙe bakin bututu ɗaya, ɗayan kuma tantabara ta yi sheƙa a kansa. Simintin ya tsage siriri daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta nan ruwan da ya kwanta yake tsiyaya cikin bulo. Kafintan ya ce, "Alhaji, kwanonka bai yi laifi ba, hanya ruwan ya rasa." Da tsintsiya da bokiti da ɗan siminti da kwalta aka gama aikin, alhali maigidan ya riga ya fara tambayar farashin bandir na kwano.

Shi ya sa nake cewa a hau a duba tun cikin rani, Fabrairu ko Maris, lokacin da komai ya bushe kuma masu aiki ba su yi tsada ba. Bayan an share, a kwarara bokitin ruwa a ga ko yana fita da gudu. A dubi ƙusoshi: a kan tudun kwano ake buga su, domin kwarin hanyar ruwa ce, kuma wadda hularta ta yi tsatsa ko robarta ta mutu a canza ta. A dubi langa-langar da ta ɗaure katako da gini, don iskar hadarin farko ita ce ke yaye rufi, tun ruwa bai zauna ba. Tabon da ke jikin silin kuwa ba lallai ne ramin yana daidai kansa ba. Ruwa kan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, wani lokaci kusa da wayar wuta.

Akwai lokacin da faci ɓarnar kuɗi ne. In tsatsa ta huda kwano a wuraren da ya hau juna, ko gara ta ci katako har ƙusa ba ta kamawa, a sauke a sake, kada a ɗora sabo a kan ruɓaɓɓen katako. Mai sayen alminiyam ya sa a auna masa kauri a gabansa, ko milimita 0.45 ne ko 0.55, domin da ido ba a gane bambancin.

Sai maganar maƙwabci, wadda ba a cika yi ba. A lungunan cikin birni ina ganin indararon da aka saita yana kwarara a gindin katangar wani, sau da yawa katangar ƙasa ta mutumin da ba shi da halin sake ta. Wannan hakki ne. A haɗa bututu ya sauko har ƙasa ya shiga lambatu, ko a girka duro a tari ruwan, a rufe bakinsa saboda sauro da ƙananan yara.