A Duba Allura Kafin a Sayi Rediyo

Duk ɗan Arewa mazaunin Fatakwal ko Anacha ko Inugu ya san darajar akwatin rediyo. Tun da aka kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, masu awo da 'yan tireda da fataken shanu suka riƙa kasa kunne a mita 49 don jin labarin gida da gaisuwar Zaɓi Sonka. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979, dukkansu ta gajeren zango suka iso Kudu.

Abin takaici shi ne yawancin akwatunan da suka cika kasuwa yanzu sai ƙyalƙyali da fitilu masu walƙiya. An daina sa musu 'yar allurar nan mai nuna ƙarfin tasha, wadda ake gani a tsofaffin National da Grundig da Philips. Wasu suna ɗaukarta ado ce kawai, alhali kuwa ita ce idon mai rediyo.

Dalili kuwa shi ne tsakanin Kaduna da Fatakwal ya fi kilomita 600. Tashar FM ba ta zuwa wannan nisa, iyakarta garin da take da kewayensa. Gajeren zango kuwa sama yake tafiya, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, sannan ya komo ƙasa, shi ya sa murya takan zo ta ɗauke kamar iska na wasa da ita. Da rana mita 16 da 19 sun fi tafiya, da dare kuma mita 41 da 49. Mai allura yakan juya eriya, ko ya ɗaura waya mai tsawo a taga, ya ga inda allurar ta fi hawa ya tsaya nan. Wanda ba shi da ita sai lalube, ya ƙare batirinsa a banza. Gani ya kori ji.

Sai dai a lura, allura ƙarfi take nunawa, ba tsabtar murya ba. Janareta da cajar waya da wasu ƙwayayen lantarki na zamani suna jawo ƙara, ita ma takan ɗaga allura. In ta hau amma sai shuu ake ji, to a nisanta akwatin daga waɗannan kaya.

Wani zai ce ai wayar hannu ta gama komai. Amma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara, daga baya har da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba su ji muryar iyalinsu ba. Haka kuma waɗanda suka ga tashin hankalin Anacha na Fabrairun 2006 sun san irin ɓarnar da jita-jita take yi wa baƙo. A irin wannan rana sahihin labari shi ne zai sa mutum ya san ko ya buɗe rumfa ko ya zauna a gida.

To, ina za a samo irin wannan akwati? Hanya biyu ce. Ta farko, masu gyaran rediyo da masu sayar da kayan kwance sukan aje tsofaffin Pioneer da Sansui da Kenwood masu allura. Amma a yi hattara: da yawansu FM da matsakaicin zango kaɗai gare su, saboda haka a duba ko an rubuta SW a fuskarsu. Wanda aka ƙera don Amurka kuma wutar 110 yake ci, in aka jona shi a wutar Nijeriya mai 230 ba tare da taransifoma ba, nan take zai ƙone. Ta biyu, akwai sababbin ƙanana irin su Tecsun da Sangean, waɗanda suke nuna ƙarfin tasha da lambobi ko 'yan layuka a gilashi maimakon allura. Kada a biya sai an kunna an kama tasha a gaban mai kaya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ya kamata 'yan kasuwar Anacha masu shigo da kayan lantarki su sani cewa akwai masu bukatar irin waɗannan akwatuna, amma ba za su kawo ba sai an yawaita tambaya. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma ya dace su tanadi guda mai kyau a kowane zango, tare da batir da eriya, don ranar bukata. Hukumar Rediyon Tarayya kuma ta kula da injinan gajeren zango na Kaduna, domin komai kyan allura ba za ta motsa ba in tashar ta yi shiru.

Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya sa a riƙa jin alheri daga gida, amin.